Wa Ya Faɗa? Jarida da Amanar Labari a Ƙasar Hausa

Kakana na wajen uba, Allah Ya jiƙansa da rahama, marubuci ne, irin malaman nan na da waɗanda ake kai wa takarda da ladan aiki, su zauna wata biyu ko uku suna kwafe littafin fiƙihu ko na nahawu da alƙalamin kara da tawadar da suka dafa da hannunsu. Bai san boko ba, bai kuma nemi ya sani ba, amma yana da kwaɗayin sanin halin da duniya take ciki. Saboda haka tun ina aji uku na elementare aka ɗora mini aikin karanta masa Gaskiya Ta Fi Kwabo a zaure bayan sallar La'asar, shi da waɗansu dattawa uku ko huɗu da suke taruwa a nan, duk ranar da malamin makarantar garinmu ya gama da tasa ya aiko mana. Ina cikin karatu, ina ji da kaina, da zarar na iso wurin da aka rubuta "an ce" ko "labari ya zo mana", sai ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata, ɗan boko. Wa ya faɗa?" Na kan ce, "Malam, ai jarida ce ta faɗa." Shi kuwa sai ya ce, "Jarida takarda ce, takarda ba ta da baki. Wa ya faɗa wa takardar?" A lokacin haushin wannan tambaya nake ji, don tana katse mini karatu a gaban manya, sai da furfura ta fara fito mini na gane cewa tsohon yana yi wa jarida tambayar da malaman Musulunci suka shekara fiye da dubu suna yi wa kowane mai kawo labari.

Kafin zuwan ɗab'i, labari a ƙasar Hausa da ƙafa yake tafiya, kuma kowane labari yana zuwa da fuskar wanda ya ɗauko shi. Fatake in sun sauka a zango daga Gwanja ko Ikko ko Bilma, da goro da gishiri da kanwa, su ne masu faɗin inda ake yaƙi, da inda hanya ta yanke, da inda hatsi ya yi tsada. Alhazai in sun dawo bayan shekaru a hanyar Sudan su ba da labarin Gabas. Saƙon sarki kuwa manzo ne yake kawo shi a rubuce da Larabci, da hatimi a samansa, sa'an nan mai shela ya zaga gari ya sanar. A cikin wannan tsari ƙarya ba ta yi ƙaranci ba, ji-ta-ji-ta kuwa har ta fi ta yanzu saurin haihuwa, amma mai sauraro yana da ma'auni a hannunsa, domin ya san madugu wane ba ya ƙari, ya san wane kuwa in ya ga raƙuma goma sai ya ce ɗari, ya san maroƙi da abin da yake nema, ya san ɗan kore da abin da yake sayarwa. In labari ya tashi ƙanzon kurege, akwai mutum takamaimai da za a nuna da baki a kasuwa, kuma kunyar wannan rana takan bi shi har tsufansa.

A zaurukan malamai kuwa wannan ma'auni ya zama ilmi mai ƙa'idoji. Ɗalibin hadisi ya san ba a karɓar matani sai da isnadi, wato jerin sunayen waɗanda suka ji daga waɗanda suka ji, har a kai ga tushe. Ya san ana binciken kowane maruwaici ta fuska biyu, adalcinsa da kiyayewarsa, domin akwai mutumin kirki mai tsoron Allah wanda ba ya ƙarya amma mantuwa ta yi masa yawa, kuma ruwayarsa ba ta tsira daga rauni saboda kirkinsa. Ya san bambancin labari mutawatiri, wanda jama'a masu yawa suka kawo ta hanyoyi daban-daban har ba zai yiwu su haɗa baki ba, da labarin mutum ɗaya. Ya kuma san umarnin da ke cikin Suratul Hujurat na a tsaya a yi bincike in fasiƙi ya zo da labari, don kada a cuci mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Marubuta irin kakana suna da nasu horon. Na sha ganinsa, in ya gama kwafe littafi, ya ƙi miƙa shi ga mai shi sai an yi muƙabala: ya zaunar da babban almajirinsa da asalin littafin, shi ya riƙe sabon, almajiri yana karantawa a hankali, shi yana bi da tsinke kalma bayan kalma, in aka tarar da ɗigo ya ɓace ko kalma ta tsallake sai ya sa 'yar alama a wurin, ya rubuta gyaran a gefen shafi inda kowa zai gani. Bai taɓa kankare kuskure don ya ɓoye shi ba. A ƙarshen littafi kuma, bayan sunansa da ranar gamawa, yakan roƙi duk wanda ya ga tuntuɓen alƙalami ya gyara, ya yi masa uzuri, ya sa shi a addu'a.

Cikin mutane masu irin wannan tarbiyya jarida ta sauka. Gwamnatin mulkin mallaka ta fara gwadawa a 1932 da wata takarda mai harsuna uku, Hausa da Larabci da Turanci, wadda ake kira Jaridar Nijeriya Ta Arewa, tana fitowa jefi-jefi, galibin abin da ke cikinta kuwa labarin sarakuna ne da rangadin Gwamna da sanarwar hukuma. Jarida ta haƙiƙa ba ta samu ba sai a watan Janairu na 1939, lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito daga ofishin talifi na Zariya, ƙarƙashin kulawar Dokta Rupert East, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ana buga ta sau ɗaya a wata, ana sayar da ita kwabo guda. Abin lura a nan shi ne, ji-ta-ji-ta tana cikin dalilan haihuwarta. A waɗancan shekarun Hitila yana ta neman a mayar wa Jamus ƙasashen da aka ƙwace mata bayan Yaƙin Duniya na Farko, Kamaru kuwa, wadda take cikinsu, ga ta nan jingine da Adamawa da Barno; sai magana ta bazu a kasuwanni da tashoshin jirgin ƙasa cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamusawa don a zauna lafiya. Hukuma ta ga ba ta da bakin da za ta yi magana da talaka kai tsaye, sai ta bakin Razdan zuwa sarki, sarki zuwa hakimi, hakimi zuwa dagaci, kafin magana ta isa ƙauye ta canza kama. Sunan da aka raɗa wa jaridar da'awa ce babba, cewa abin da za ka samu a ciki ya fi abin da ka biya, kuma ni dai a nawa ganin, in aka auna ta da ma'aunin zamaninta, ta cika mafi yawan wannan alkawari.

Sai dai ɗab'i ya zo da wani kwarjini wanda labarin baka bai taɓa samu ba. Mutanen da suka tashi suna ganin rubutu a allo da littafin addini kaɗai, har ba sa yarda a taka takarda ko a bar ta a ƙasa, da wuya su ɗauka cewa abin da aka jera da haruffa madaidaita, kofe dubu duk iri ɗaya, zai iya zama kuskure. "Ai an buga a jarida" ta zama hujja mai kashe gardama a tashar mota da gindin bishiya. Da aka shiga yaƙi da jahilci a shekarun 1950, hukumar NORLA ta fito da ƙananan jaridu na larduna, Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya, Zumunta a Bauci, da sauransu, sai ga manomi wanda jiya-jiya ya koyi haɗa baƙi da wasali yana riƙe da takarda mai ba shi labarin lardinsa. Wannan alheri ne wanda ba mai musunsa. Amma takardar ta zo masa ba isnadi: bai san wakilin da ya aiko labarin ba, bai san ko ganau ne ko jiyau, bai san hannu nawa labarin ya ratsa tsakanin inda abin ya faru da inda aka buga shi ba.

Hannuwan kuwa suna da yawa, kuma kowanne yana iya zamewa. Na taɓa shiga wata maɗaba'a ta irin ta da, tun ana jera haruffa da hannu, na tsaya bayan wani dattijo ina kallon aikinsa. Gabansa akwai faffaɗan akwati mai gidaje-gidaje, kowane gida da nasa harafi na dalma, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Yana tsinto su ɗaya-ɗaya ba tare da ya duba ba, yana jerawa a wani ɗan ƙarfe da ke hannunsa na hagu, kuma duk a juye suke, domin sai an danna su a takarda suke miƙewa. A irin wannan aiki "b" da "d" 'yan tagwaye ne, in yaron da ya mayar da haruffa gidajensu jiya ya jefa ɗaya a gidan ɗan'uwansa, kuskure ya riga ya kwanta yana jiran gobe. Hausa kuma tana da nata tarko na musamman. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai a ƙarshen shekarun 1930 suka zauna a rubutun boko, Gaskiya na cikin waɗanda suka kafa su; amma tafiretocin da wakilai da akawuna suke amfani da su ba su da su, sai dai mutum ya bi da alƙalami ya lanƙwasa, in ya tuna. To, a rubutun da ba a nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, lanƙwasar nan ita ce ɗan abin da ya rage mai raba ma'ana da ma'ana. In ta faɗi, baƙi sun zama baki, wanda ya ƙare ya zama wanda ya kare. In kuma aka raba abin da yake haɗe, sai "ya ɓata kuɗin" ta koma "ya ba ta kuɗin", mai almubazzaranci ya tashi mai kyauta, ko mai kyauta ya kwana da sunan ɓarna. Malamai sun san wannan ciwo tun da daɗewa, suna kiransa tas'hifi, wato canjin ma'ana saboda ɗigo. Kakana ma ya kan gargaɗi almajiransa cewa harafin da yake da ɗigo ɗaya a sama, wanda a rubutunmu na Magariba ƙaf ne, a bugun Misira fa ne, kada su karanta littafin Gabas da idon Yamma.

Duk da haka kuskuren harafi shi ne mafi sauƙin kurakuran jarida, don mai karatu mai hankali yakan gane shi daga siyaƙin magana. Wanda ya fi shi illa shi ne na gaggawa, domin jarida, saɓanin littafi, tana da sa'ar da dole ta shiga inji, ko labari ya nuna ko ɗanye ne. Wannan kuwa bai bar manyan jaridun duniya ba. Ran 15 ga Afrilu 1912, jirgin ruwan nan Titanic yana kwance a ƙarƙashin teku da mutum fiye da 1,500 sun halaka, waɗansu jaridun maraice a Amurka da Ingila suka fito suna shelar cewa an ceci kowa, ana ma jan jirgin zuwa tashar Halifas, saboda saƙonnin wayar iska sun cakuɗe, editoci kuma suka zaɓi fassarar da ransu ya fi so. A Nuwamba 1948 jaridar Chicago Daily Tribune, wadda yajin aikin masu jera haruffa ya tilasta mata shiga inji da wuri, ta buga da manyan baƙaƙe cewa Dewey ya kayar da Truman a zaɓen shugaban Amurka, gari ya waye Truman ne ya ci, har ya ɗaga jaridar sama yana dariya aka ɗauke shi hoto. A nan gida kuma, cikin Nuwamba 1989, jaridu da gidajen watsa labarai da dama suka sanar da rasuwar Dokta Nnamdi Azikiwe, manyan mutane suka yi ta aika ta'aziyya, har aka fara maganar kwamitin jana'iza, alhali mutumin yana raye, bai kuwa bar duniya ba sai a watan Mayu na 1996. Wannan na ƙarshe ya fi ba ni tsoro, don mai karatu da ya ga labari ɗaya a jaridu biyar zai ɗauka ya samu mutawatiri, bai san duk biyar ɗin daga rijiya ɗaya suka ɗebo ba, kowace tana kallon 'yar'uwarta tana tsoron kada a riga ta.

Na ɗanɗani irin wannan a gidanmu, shi ya sa ba na iya ɗaukarsa abin dariya. Ina saurayi, ina aiki nesa da gida, wata jarida ta buga cewa motar kasuwa ta kife a gadar da ke bakin garinmu ranar kasuwa, mutane da yawa sun mutu. Na san ranar, na san motar da take bin hanyar, na kuma san mahaifiyata ba ta fashin wannan kasuwa da ƙwaryar daddawarta. Ba waya a garinmu a lokacin. Na kwana zaune, da asuba na nemi izini na hau mota, wuni guda ina tafiya ina karanta duk abin da ya zo bakina, na iso bayan Magariba na tarar da ita a tsakar gida tana tuƙa tuwo, ta ɗago ta ce, "Kai kuwa lafiya, ba aike ba sanarwa?" Hatsarin ya faru da gaske, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, amma a wani gari ne mai suna irin na namu a wani lardi dabam, wani a ofishin jaridar ya ga sunan, bai tambaya ba, ya ƙara sunan lardinmu daga kansa don ya cika labari. Na rubuta musu wasiƙa cikin ladabi. Na bi fitowa huɗu ina duba ko za su gyara, ban ga ko layi ɗaya ba. Ban riƙe su da kuskuren ba, don ɗan Adam ajizi ne. Shirun ne ya rage mini su a ido har yau.

Akwai kuma kuskuren da ba daga harafi yake ba, ba daga gaggawa ba, daga zuciya yake, shi ne kuwa mafi wuyar ganewa. Ibn Haldun, a Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya tsaya a kan dalilan da suke sa ƙarya ta shiga labari, ya sa son rai da goyon bayan wani ra'ayi a gaba, sa'an nan yawan amincewa da masu ruwaya, da neman kusanci ga masu mulki ta hanyar yabo, da jahiltar ɗabi'ar al'amura, har mutum ya karɓi adadin rundunar da ƙasar da aka ce ta tsaya a kai ba za ta ɗauke ta ba. Wanda ya karanta wannan babi, ya dubi jaridun lokacin yaƙi, zai rantse don su aka rubuta shi. A watan Afrilu na 1917 jaridun The Times da Daily Mail na Ingila suka yaɗa cewa Jamusawa suna da masana'antar da suke narka gawarwakin sojojinsu suna fitar da kitse. Tushen maganar kuwa kalma ɗaya ce ta Jamusanci wadda ma'anarta mushe, wato na dabba, aka fassara ta da gawa. Bahaushe, wanda harshensa ya raba mushe da gawa rabuwa ta har abada, ya fi kowa sanin girman wannan tahrifi, wato karkatar da ma'ana. Labarin ya zaga duniya saboda mutane suna son ya zama gaskiya, sai a Disamba 1925 ministan harkokin wajen Ingila, Austen Chamberlain, ya tsaya a majalisa ya ce ba shi da tushe. Illarsa kuwa ba ta tsaya nan ba, domin da labarin kisan ƙare-dangin da 'yan Nazi suke yi wa Yahudawa ya fara fitowa a yaƙi na biyu, mutane da yawa sun yi jinkirin gaskatawa, suna tuna yadda aka yaudare su a na farko.

Gaskiya Ta Fi Kwabo ma, duk da ƙaunar da nake yi mata, ba ta fita daga wannan hukunci ba. Jaridar hukuma ce, a lokacin yaƙi, kuma aikinta ne ta ƙarfafa zukatan mutane, ta kwaɗaitar da samari shiga soja, ta ba da labarin 'yan Arewa da suke yaƙi a Habasha da Bama ta fuskar da Ingila take so a gani. Bayan Japan ta ci Singafo a Fabrairu 1942, kuzar Malaya ta kuɓuce wa Ingila, sai aka shiga ɗiban dubban talakawa daga larduna ana kai su haƙar kuza a tudun Jos ala tilas, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu kafin a daina a 1944. Ɗaya daga dattawan zauren kakana yana cikin waɗanda suka je suka dawo, kuma abin da na ji daga bakinsa, na dare a bukkar da ba ta tare iska da safiyar da ake tashi a tarar na kusa da kai ya sandare, ban taɓa cin karo da kwatankwacinsa a wata takardar hukuma ta wancan zamani ba. Jarida tana iya yin shekara ba ta buga ƙarya ko ɗaya ba, amma ta bar mai karatunta cikin duhu da abin da ta zaɓi ta tsallake.

Adalci kuwa shi ne a faɗi cewa Malam Abubakar Imam bai zama bakin Turawa kawai ba. Ya yi amfani da sharhinsa da shafin wasiƙu ya taɓo cin hanci, da zaluncin waɗansu ma'aikatan En'e, da wulaƙancin da ake yi wa 'yan Arewa masu ilmi. Da ya je Ingila a 1943 cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma ya gana da tsohon Gwamna Lugga, ya kuma rubuta masa koke-koken Arewa filla-filla. Amma da siyasar jam'iyyu ta kankama, NEPU ta kafu a 1950, shi kansa Imam ya bar kujerar edita a 1951 ya shiga majalisa, sai masu karatu suka rabu: 'yan NEPU suna ganin Gaskiya ta gwamnati ce da sarakuna, suna neman labarinsu a Daily Comet da take fitowa a Kano, 'yan NPC kuwa suna ganin Comet ba ta san komai ba sai tada zaune tsaye. Taro ɗaya, a fili ɗaya, wannan ta ce jama'a sun yi dafifi, waccan ta ce 'yan tsiraru ne. Daga nan ne talaka ya fara koyon tambayar jaridar wa ce kafin ya tambayi me ta ce.

Masu mulki kuwa, duk lokacin da kuskuren jarida ya dame su, maganin da suke kawowa shi ne doka da kurkuku, ko kuwa su saye bakin gaba ɗaya. A 1964 aka yi wa dokar jaridu gyara don hukunta mai buga labarin ƙarya. A 1975 gwamnatin soja ta karɓe New Nigerian, wadda Gaskiya take ƙarƙashinta, ta kuma karɓi kashi 60 cikin ɗari na Daily Times. A 1984 aka kafa doka ta huɗu, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda saboda labarin naɗin jakadu, dokar da ba ta bar wa ɗan jarida mafaka ba ko da abin da ya rubuta gaskiya ne, muddin ya kunyata hukuma. Ban ga inda irin wannan ya ƙara wa jarida inganci ba. Editan da yake tsoron ɗauri ba ya ƙara bincike, rage magana yake yi, ya koma buga jawabin gwamna da hoton yanke kyalle, mutane kuwa su koma wa ji-ta-ji-tar da aka kafa jarida don a kashe ta.

Abin da na ga yana ƙara wa jarida daraja shi ne abin da fiƙihu ya koya wa kowane yaro game da salla: rafkanuwa ba ta ɓata ta, muddin an yi mata ƙabli ko ba'adi, ganganci ne yake ɓata ta. Jaridar da take da wurin gyara sananne, take cewa a fitowar da ta wuce mun ce kaza, ba haka ba ne, ga daidai; wadda take faɗin sunan wakilinta da garin da yake, take bambanta abin da ya gani da abin da aka gaya masa; wadda take buga wasiƙar wanda ya ƙaryata ta ba tare da ta yanke mata ƙafafu ba, wannan ita ce maruwaicin da za a karɓi ruwayarsa, ko da an san yakan yi tuntuɓe. Masu karatu kuma sun samo tasu muƙabalar da kansu. Da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, daga bisani Jamus da Amurka suka buɗe nasu, sai ka ga mai shayi ko tela ya ji labari da asuba a tasha ɗaya, ya murɗa ya ji a ta biyu, da rana ya sa a karanta masa jarida, sa'an nan ya jira direban da zai zo daga can ya tambaye shi abin da idonsa ya gani.

Kakana bai daina sauraron jarida ba har ya rasu, bai kuma daina tambayarsa ba. Ya kan raba abin da na karanta masa kashi-kashi da bakinsa: sanarwar ranar jarrabawa da farashin gyaɗa ya ce a yi aiki da su, don mai faɗarsu shi ne mai su, labarin ƙasa mai nisa ya ce a ajiye shi, kada a gaskata kada a ƙaryata, sai wani ya zo ta wata hanya, labarin da ya yabi mai mulki ko ya zagi abokin gabansa kuwa sai ya yi shiru, ya ce in wuce gaba. Bayan rasuwarsa, da muka buɗe adakar littattafansa don a raba wa almajirai, a ƙarƙashin gafakoki muka tarar da tsofaffin Gaskiya guda goma sha wani abu, a naɗe da tsumma kamar yadda yake naɗe littafi. Ashe in na tafi wasa yakan sa wani ya nuna masa wurin da labari kaza yake a shafi. A gefen waɗansu labaran ya sa 'yar alamar nan da yake sawa in muƙabala ta tabbatar da kalma. A gefen waɗansu ya rubuta da ajami sunan wanda ya zo daga baya ya ba shi labarin da baki, da ranar da ya zo. Gefen waɗansu kuwa fari fat, bai sa komai ba.